Yadda ake shawagi da laima a kwana kan tsauni kai kaɗai

Waɗanda suka fara ƙwarewa a tashi da laimar shawagi, wato faragilaida, suna yawan tambayar abu ɗaya: yaya mutum zai zuba laimarsa da tantinsa da abincinsa a jaka ɗaya, ya tashi daga wani tsauni da hantsi, ya sauka kan wani da la'asar, ya kwana, gari ya waye ya ci gaba? Ga matakan bi da bi. Mun ɗauki Bir-Billing da ke jihar Himachal Pradesh a arewacin Indiya a matsayin misali, domin can ne mutane da dama ke yin kwanansu na farko a tsaunukan Himalaya. Filin tashi na Billing yana kan tsayin mita 2,400, kusan daidai da ƙololuwar Chappal Waddi, tsaunin da ya fi kowanne tsayi a Najeriya. Inda namu ya ƙare, nan ake fara shimfiɗa laima a can.

1. Auna kanka kafin ka sayi komai

Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne, kuma ba a koyon tashi daga rubutu. Shawararmu ita ce kada ka fita kai kaɗai sai kana da aƙalla awa 100 zuwa 150 a sama, ka yi tafiyar kilomita 50 fiye da sau ɗaya a cikin tsaunuka, kuma ka yi kwas ɗin SIV, wanda ake koya maka farfaɗo da laima idan ta naɗe. Ana yin sa ne a saman ruwa, kamar tafkin Annecy a Faransa ko gaɓar Oludeniz a Turkiyya.

Ƙwarewar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce sauka a kan tsauni da kan gangare. Ka yi ta maimaita ta a wurin da ka sani har sai kana iya dira cikin fili mai faɗin taki goma sha biyar, ko da iska ko babu. Sannan ka yi kwana ɗaya ko biyu tare da wanda ya riga ka, kafin ka ce za ka kaɗaita.

2. Zaɓi lokaci, ka kammala takardu

A Bir, garin da ke gindin Billing inda ake sauka, lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba zuwa Nuwamba, bayan damina ta ɗauke. Ana tashi daga Maris zuwa Mayu ma, amma iskar lokacin ta fi ƙarfi kuma hadari na saurin haɗuwa. Daga 15 ga Yuli zuwa 15 ga Satumba gwamnatin jihar kan hana tashi gaba ɗaya.

Ka riƙe lasisinka da katin IPPI, wato katin ƙasa-da-ƙasa da ke nuna matakin ƙwarewarka, ka yi rajista da hukumar yawon buɗe ido da zarar ka isa. Inshorarka kuwa ka karanta ta layi-layi: dole ta ambaci faragilaida da sunanta, ta ɗauki kuɗin ceto da jirgi mai saukar ungulu, kuma kada ta ƙayyade tsayin da bai kai inda za ka hau ba. Inshorar tafiya ta yau da kullum yawanci ba ta biyan irin wannan.

Gargaɗi: na'urorin aika saƙo ta tauraron ɗan'adam irin su Garmin inReach, waɗanda masu wannan sana'a ke dogaro da su a tsaunukan Alfs na Turai, doka ta hana shiga da su Indiya ba tare da izini ba, kuma an tsare matafiya a filayen jirgi a kan haka. Wannan zai canja tsarin tafiyarka baki ɗaya, kamar yadda za ka gani a mataki na 5.

3. Haɗa kaya

Laima: ɗauki mai darajar EN-B (ana jera laimomi daga A, mafi sauƙin sarrafawa, zuwa D), mara nauyi, kilo 3 zuwa 4. Ko da ka saba da EN-C, sauko mataki ɗaya. Za ka tashi a gajiye, daga filin da ba ka sani ba, da kaya a baya, saboda haka laimar da ke yafe kuskure ta fi mai gudu amfani. Sabuwa tana kaiwa wajen yuro 3,000 zuwa 4,500. Idan ta hannu ce, kada ka biya sai ka ga takardar gwajin ƙyalle da igiyoyi ta kwanan nan.

Lissafin nauyi ne inda mutane da yawa ke faɗuwa. Kowace laima tana da iyakar nauyin da aka gwada ta a kai, kuma lissafin ya haɗa da kai, tufafinka, ita kanta laimar, da duk abin da ke jaka. Mai kilo 72 da tufafi kilo 3 da jaka kilo 19 ya kai 94. Idan laimarsa ta 75 zuwa 95 ce, to yana bakin iyaka, ƙarin lita biyu na ruwa zai fitar da shi. Hau sikeli da komai a jikinka, kada ka ƙiyasta.

Mazauni, wato kujerar da kake rataye a cikinta, ya kasance mai kariyar baya da wurin zuba kaya, wajen yuro 800 zuwa 1,800. Laimar ko-ta-kwana, wato ta ceto da ake jefawa idan babbar ta gaza, yuro 600 zuwa 1,000, a ba ƙwararre ya warware ta ya sake naɗewa kafin tafiya. Sai hular kwano mai shaidar EN 966, da bariyo, ƙaramar na'urar da ke ƙara idan kana hawa, da waya mai manhaja irin XCTrack wadda aka sauke wa taswira tun a gida, da rediyon hannu, da fawa bank mai 20,000 mAh. Wannan bai kai iyakar 100 Wh da jiragen sama ke yarda da ita ba, amma a jakar hannu ake sa shi.

Kayan kwana: tanti na mutum ɗaya da bai wuce kilo ɗaya ba, jakar barci da ke riƙe ɗumi har zuwa digiri 5 ƙasa da sifili, katifar hurawa, ɗan murhun gas da tukunya mai lita ɗaya, tocila ta goshi, matatar ruwa ko ƙwayoyin tsarkake shi. Tukunyar gas ba ta hawa jirgin sama, a can za ka saya. Ƙara da usur, wuƙa, siririyar igiya mita 30, ɗamara da ƙugiya don ɗaure kanka idan ka maƙale a bishiya, tef na facin laima, igiyar laima ta canji, bandeji da maganin ciwo. Safar hannu kala biyu, siririya da mai kauri.

Abinci: busasshe, giram 600 zuwa 800 a rana. Dabino, gyaɗa, alkamar oti, madarar gari, taliyar da ke dahuwa cikin minti uku, shayi da sukari. Ka ƙara na kwana ɗaya a kan lissafinka. Duka jakar, da ruwa lita uku, kada ta wuce kilo 18 zuwa 20, domin wata rana a bayanka za ta hau tsauni.

4. Gwada kayan a rataye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zuba komai a mazauni kamar yadda za ka tashi, ka rataye kanka a ƙarfe ko reshe mai ƙarfi, ka zauna. Duba ko kayan sun rinjaye ka baya. Sannan ka ja hannun laimar ko-ta-kwana da dama, ka sake da hagu. Mazaunin da aka cusa wa kaya yakan matse aljihunta har ta ƙi fitowa, kuma babu yadda za ka san haka sai ka ja.

Gargaɗi: kada sandar tanti, murhu ko tukunyar gas su kasance daidai ƙashin bayanka. Masu laushi, jakar barci da tufafi, su ne ke jingine da jiki. Kada ka cire kariyar baya don samun wuri.

Bayan haka ka yi tashi biyu ko uku daga Billing zuwa filin sauka na Bir da cikakken kaya. Za ka ji laima ta ƙara gudu, gudunka na tashi ya ƙara tsawo.

5. Tsara hanya, ka bar ta a hannun wani

Jerin tsaunukan Dhauladhar ya miƙe ne kamar katanga, fuskarsa na kallon kwarin Kangra. Ta gaba akwai ƙauyuka, gonaki, tituna, kuma waya na kamawa a wurare da yawa. Ta baya kuwa akwai ƙololuwa masu fiye da mita 4,000, da kwazazzabai irin na Bara Bhangal inda fita da ƙafa kan ci kwanaki, babu sabis ko kaɗan. Tunda ba ka da na'urar tauraro, mai tafiya shi kaɗai ya tsaya a gaba. Daga Billing zuwa wajen Dharamsala kusan kilomita 45 ne, kuma a tsakani akwai dorayen ciyawa da suka isa kwana biyu ko uku.

A taswira ka sa wa kowace rana wurin kwana uku: na kusa, na tsakiya, na nesa. Kowanne ka san ina ruwa yake, da hanyar ƙafa da za ta sauke ka idan gobe ba ta tashi ba ce. Ka sa alamar wuraren da aka hana, musamman filin jirgin Gaggal da barikin soja na Yol.

Sai ka ba mutum ɗaya a Bir, matuƙi ko mai makarantar tashi, wannan tsari a rubuce, da launin laimarka da lambar inshora. Ku yi alkawari bayyananne: saƙo kafin tashi, saƙo bayan sauka, kuma idan ƙarfe 8 na dare ya yi shiru, ga wanda zai kira. Lambar gaggawa a Indiya 112 ce. Ka sani cewa jirgin ceto a can ba ya zuwa cikin minti ashirin, sau da yawa mutanen ƙauye ne ke hawowa da ƙafa.

6. Ba jikinka lokaci ya saba da tsayi

Wanda ya taso daga Kano, mai tsayin ƙasa da mita 500, kada ya kwana a mita 3,000 a darensa na biyu. Yi kwana uku ko huɗu a Bir, wajen mita 1,500, kana hawa Billing kana dawowa. Da ka haura mita 3,000, kada wurin barcinka ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya. Ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci alamu ne na farko: tsaya, kada ka ƙara hawa, kada ka tashi. Idan numfashi na yankewa kana zaune, ko tari mai kumfa, ko kana tangaɗi, sauka nan take da ƙafa ko da dare ne. Maganar ƙwayar acetazolamide, ta rigakafin ciwon tsayi, ka yi ta da likita tun a gida.

7. Karanta ranar

Da asuba, idan akwai sabis, duba hasashen iska a mita 3,000 da 4,000, ba ta ƙasa kawai ba. Idan ta sama ta haura kilomita 20 a awa, ranar tafiyar ƙafa ce. Sannan ka ajiye waya ka kalli sama. Ƙananan gajimare masu kamar auduga da ke fitowa wajen ƙarfe 10 ko 11 alheri ne. Waɗanda suka fara miƙewa sama kamar hasumiya tun ƙarfe 9 suna gaya maka hadari zai haɗu da rana. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Rana ce ke tsara hanyarka. Fuskar tsauni da ke kallon gabas ita ke fara ɗumi da safe, ta kudu da tsakar rana, ta yamma da la'asar. Iska mai ɗumi tana bin gangare ta hau, ita ce ke ɗaga ka.

8. Tashi

Kewaya filin da ƙafa tukuna. Cire duwatsu da ƙaya, ka san inda za ka tsaya idan laima ba ta hau daidai ba. Ɗaura ɗan ƙyalle a sanda ka zauna minti goma sha biyar kana kallonsa: iska na zuwa ne zango-zango, ta taso, ta yi ƙarfi, ta lafa. Ka ƙirga minti nawa ke tsakani. Tashi ake yi a farkon zango, ba a tsakiyar ƙarfinsa ba. Iskar da ake so kilomita 10 zuwa 20 a awa, tana bugun fuska.

A mita 3,000 kaurin iska kusan kashi uku cikin huɗu ne na bakin teku, don haka kana buƙatar gudu fiye da yadda ka saba, tashi da sauka duka.

Kafin ka ja, faɗi abubuwa biyar da bakinka kana taɓa kowanne: maɗaurin cinya biyu da na ƙirji da hula, igiyoyi da birki babu sarƙewa, bakin laima a buɗe, iska, sarari.

Gargaɗi: mantuwar maɗaurin cinya ta kashe ƙwararru, kuma a nan babu wanda zai hango maka. Idan ka kwance don wani uzuri, cire mazaunin gaba ɗaya ka fara daga farko.

9. A sama

Bi ungulayen Himalaya. Inda ka ga sun buɗe fikafikai suna zagaye ba sa kaɗawa, nan iska ke hawa, kamar yadda shirwa ke yi a kanmu da rani. Hau har kusa da gindin gajimare, amma ka bar tazarar mita 200 zuwa 300. Idan bariyo na ta ƙara ko'ina ka juya kuma sama ta yi duhu, gajimare na zuƙar ka ne: naɗe kunnuwan laima, taka totur, wato sandar ƙafa da ke ƙara mata gudu, nufi gefen da ke da haske.

Ko da an rubuta cewa laimarka na tafiyar mita tara a kowace mita ɗaya ta gangarowa, yi lissafinka da biyar. Tsayin mita 1,000 kilomita 5 ne kawai. Kada ka tsallaka kwari sai kana ganin filin sauka a cikin wannan lissafin. Kada kuma ka faɗa bayan doron tsauni ta ɓangaren da iska ke gangarawa, domin nan take murɗewa ta naɗe laima.

Zafi na raguwa wajen digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Yatsun da suka daskare ba sa iya jan laimar ko-ta-kwana. Sama da mita 4,000 kuma ƙarancin iskar shaƙa kan sa mutum ya ji daɗi yana yanke shawarar banza. Gwada kanka da ƙirga baya daga ɗari, bakwai-bakwai. Idan ka rikice, sauko.

Idan laima ta fita daga hannunka kuma kana ƙasa da mita 150 daga ƙasa, kada ka tsaya gyara. Duba hannun, kama, ja, jefa da ƙarfi.

10. Sauka, wanda shi ne ainihin aikin

A ƙarshen Oktoba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 6. Fara neman wurin kwana tun ƙarfe 2 da rabi, ka kasance a ƙasa kafin 4. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwaɗayin ƙarin kilomita goma. Mutum ya wuce fili mai kyau, iskar ɗumi ta mutu, inuwa ta rufe gangare, ya ƙare a cikin kwari inda iskar la'asar ta fi ƙarfi kuma wayoyin lantarki suka gitta.

Wurin da za ka sauka yau shi ne filin tashinka na gobe, da wannan idon za ka zaɓe shi. Doron ciyawa mai faɗi, wanda ke da gangare mai kallon gabas ko kudu, babu bishiya a gabansa. Zagaya kansa sau biyu daga sama. Dubi yadda iska ke tura ka, dubi hayaƙi, ciyawa, ko tutocin addu'a da ake ɗaurawa a kan tsaunukan yankin. Nemi duwatsu da ramuka, domin abin da ya yi kama da darduma daga mita 200 yakan zama gargada.

Shigo daga gefe, kana bin gangaren a kwance, ka ɗan karkata cikin iska. Riƙe gudu har ƙarshe, kada ka danne birki da wuri, saboda laima mai kaya a siririyar iska tana saurin tsayawa ta faɗo. Miƙe tsaye da wuri. Idan ka zo da tsayi, kada ka tilasta: fita gaba, sake hawa, sake gwadawa. Sau uku bai yiwu ba, tafi wuri na biyu tun kana da tsayi. Karayar idon sawu da ba komai ba ce a filin Bir, a nan tana nufin dare cikin sanyi kai kaɗai.

Da ƙafarka ta taɓa ƙasa, kashe laima, tattara ta nan take don kada wani ya hango ta a baje ya ɗauka hatsari ne, sannan aika saƙo.

11. Kwana

Ruwa tukuna, tun da haske. Tace shi, ko ka tafasa minti uku, don a mita 3,000 ruwa na tafasa ne tun yana digiri 90. Kafa tanti ƙasa kaɗan da ƙololuwa, ba a kan tsini ba saboda tsawa, ba kuma cikin rami ba, domin da dare iska mai sanyi na gangarowa ta taru a ƙasa-ƙasa. Kada ka kunna gas cikin rufaffen tanti, hayaƙinsa ba ya wari kuma yana kisa.

Laima ta kwana cikin jakarta a tanti, raɓa na ƙara mata nauyi. Waya, bariyo, fawa bank da matatar ruwa su kwana tare da kai cikin jakar barci, sanyi na zuƙe batir kuma yana fasa matata. Abinci a ajiye shi nesa da tanti, taki hamsin ko fiye, don akwai baƙin beyar a dazukan. Idan ka haɗu da makiyayan Gaddi da tumakinsu, tsaya daga nesa ka yi kira, ka jira makiyayin ya riƙe karnukansa. Su ne suka fi kowa sanin inda ruwa yake, kuma wurin kiwonsu ne ka sauka, ka nemi izini.

Ga mai salla, alƙibla a nan tana yamma ne, ta ɗan karkata kudu, ba gabas ba kamar a gida. Bayan gida kuwa a haƙa rami mai zurfin taƙi ɗaya, nesa da ruwa da aƙalla taki saba'in, a rufe. Duk leda da gwangwani su koma jaka.

12. Idan gari ya waye ba na tashi ba

Sa wa kanka lokaci tun da safe, misali ƙarfe 12. Idan iska ba ta daidaita ba zuwa lokacin, ko dai ka ƙara kwana in ruwa da abinci sun isa, ko ka naɗe ka bi hanyar ƙafar da ka sa wa alama. Gangarowar mita 1,500 da kilo 18 a baya tana cin awa huɗu zuwa biyar, don haka kada ka fara ta bayan ƙarfe 1. Bi sawun makiyaya, kada ka bi rafi, domin rafukan wajen kan ƙare a inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse.

Idan ka ji rauni, aika lambobin wurinka tun batir na da rai, shiga jakar barci, baza laimar a fili don a hango ta daga sama, ka busa usur sau shida a minti, ka huta minti ɗaya, ka sake. Idan jirgi ya zo, tattara laimar ka danne ta kafin ya matso, ka ɗaga hannu biyu sama alamar kana neman taimako.

Da ka isa ƙauye ko titi, fara sanar da mai jiran saƙonka cewa ka fito. A masauki ka shanya laima a inuwa, ka zazzage ciyawa da tsakuwar da suka shiga cikinta, ka bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa kana neman inda dutse ya gurje.